Kwalin da Malam Falalu Bai Buɗe Ba

Tsakanin gidan Malam Falalu da gidan da Bilki take kwance, taku ɗari uku ne da 'yan kai. Lungu ɗaya ne siriri, nan Unguwar Mailafiya ta ƙasar Miga, wanda ko a-daidaita-sahu ba ya iya kutsawa, sai mai ƙafa da mai babur. Amma shekara guda da wata biyu Halimatu Sa'adiya, matar Malam Falalu, ba ta taka wannan lungu ba, tun ranar da hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu ya shanye mata ɓarin hagu. Ita kuwa Bilki, yayarta uwa ɗaya uba ɗaya, ido ya daɗe da tafiya, ga ƙugu da ya karye bara, likitocin Jahun suka ce a daina motsa ta. Haka mata biyu da suka tashi a tabarma ɗaya suka zauna a gari ɗaya, ladan ɗaya yake tashin su da asuba, amma babu mai iya zuwa wurin wata.

Bilki ba yaya ce kawai ba. Uwarsu ta rasu Sa'adiya tana shekara huɗu, Bilki ce ta goye ta, ita ta yi mata kitson fari, ita ta riƙe mata hannu har ɗakin miji. Yanzu abin da ya rage a tsakaninsu wata shuɗiyar langa ce mai murfi, wadda fentin gefenta ya ɓaɓɓare. Wannan Juma'a Safina, surukar Bilki, ta kawo ta da dambu ko ɗanwake, Juma'a mai zuwa ta zo ta ɗauke ta. Ba ta taɓa komawa wayam ba, ko dafaffiyar gyaɗa ce sai an zuba. An gwada haɗa su ta waya, Bilki ta ce kunnenta ya yi nauyi, kuma muryar da take fitowa daga ƙarfe ba ta ƙanwarta ba ce. Ita so take ta shafa fuskarta da hannunta.

Wani zai ce, to a ɗauke ta a kai ta mana. An yi wannan magana har an gaji. Da aka kawo zancen baro, Sa'adiya ta ce ita ba taki ba ce. Malam Falalu da kansa ya ce zai goya ta bayan sallar asuba, kafin lungu ya cika da mutane. Ta kalli rufin ɗaki ta amsa.

"Malam, Yaya ba ta gani, amma tana ji. Za ta ji an sauke ni a gabanta kamar buhu. Ni kuwa duk Juma'a saƙon da nake aika mata shi ne na samu sauƙi."

Ashe abin da yake ranta kujerar nan ce mai taya da aka taɓa ɗora ta a kai a asibitin Jahun. Ta ce a cikinta mutum yana zama kamar mutum, ya ɗaura ɗankwalinsa, ya yafa mayafinsa, ya yi sallama da bakinsa. Sunan da ake kiran ta da shi, keken guragu, shi ne ba ta so, saboda haka a gidan aka koma cewa kujera.

Autarsu Zakiyya, wadda take aure a Dutse tana koyarwa a wata firamare, ita ta ɗauki nauyin abin. Ta zaga kasuwa ba ta sami irin wadda take so ba, mara nauyi, mai naɗewa, wadda tsoho zai iya turawa a cikin yashi. Sai ta gan ta a waya wurin wani kamfani na Legas da ke sayar da kaya ta intanet. Ta yi oda, ta ba da kwatancen gidan ubanta, sannan ta kira shi ta yi masa bayani dalla-dalla har sau biyu: idan an kawo, kada mai kawowa ya tafi sai an buɗe kwalin a gabansa an duba, a kira Safina ta ɗauki hoto da wayarta, in kuma da lahani a ce ba a karɓa ba. Malam Falalu ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin. Falalu ba kurma ba ne, ba kuma mai mantuwa ba.

Ranar wata Talata a farkon damina, rana tsaka, mai babur ya tsaya a ƙofar gida da ƙaton kwali ɗaure a baya. Magidanci ne, sunansa Sagiru, daga Dutse ya taso, ga laka har gwiwa saboda ruwa ya ɓata hanya bayan Jahun. Malam Falalu ya shimfiɗa masa tabarma a soro ya dama masa fura da hannunsa, don tun da Sa'adiya ta kwanta ya koyi ayyukan da a da ba ya yi. Cikin gaisuwa aka gano ashe mahaifin Sagiru mutumin Kafin Hausa ne, kuma sun taɓa zama gaban malami ɗaya da Falalu. Hira ta yi daɗi. Can Sagiru ya ajiye ludayi ya nuna kwalin, wanda kusurwarsa ɗaya ta lotse.

"Baba, a buɗe a duba kafin in juya. Ƙa'idar aikin ke nan."

"Ni na ce maka ka ci amana?"

"A'a Baba, ba haka ba ne."

"To sha furarka."

Wanda bai tashi a nan ba zai ce wauta ce. Mu kuwa haka aka rene mu. In mutum ya kawo maka saƙo ba ka kwance shi a gabansa, kwancewar tuhuma ce. Ko goro aka aiko maka, ba ka buɗe ganyen mai kawowa yana tsaye. Falalu ya haura saba'in bai taɓa yi wa baƙo haka ba, bai kuma ga yadda zai fara a kan ɗan abokinsa da ya keto laka saboda shi ba. Ya tuna maganar Auta sarai, ya auna ta da kunyar mutumin da ke zaune a tabarmarsa, kunya ta rinjaya. Sagiru ya miƙo takarda da biro, Falalu ya rubuta sunansa da ajami a inda aka nuna masa. Abin da ke saman sunan da Turanci, cewa kaya sun iso lafiya, babu wanda ya karanta masa, shi ma bai tambaya ba.

Da yamma Zakiyya ta kira ta tambaya ko an buɗe. Ya ce kwali yana nan yadda ya zo, ita da ta yi wahalarsa ita za ta buɗe shi a gaban uwarta, albarkar ta sauka a kanta tana zaune. Ta ce masa kamfanin kwana bakwai kawai suke bayarwa na mayar da kaya. Ya ce ai Asabar za ta zo, kwana huɗu ne. Ta so ta ƙara magana, ta ji yadda muryarsa ta canza, ta yi masa sallama. Ita ma Sa'adiya ta ce a jira Auta.

Asabar ta zo, Auta ba ta zo ba, ruwa ya cinye hanya. Asabar ta biyu ɗanta na goye yana kwance da ƙyanda. Ta sake roƙon uban ta waya ya buɗe, ya ce shi ba ya magana biyu.

Ba zama ya yi ba a kwanakin nan. Ya auna faɗin kwalin da ɗani, ya auna ƙofar ɗakin Sa'adiya, ya ga ba za su shirya ba. Ya cire ƙyauren, ya farfashe katangar ta gefe ɗaya, ya tone dokin ƙofa ya baje wurin ya daddaɓe, don kada taya ta yi tuntuɓe. Jaji mai walda, taubashinsa, ya leƙo ya gan shi cikin ƙasa har gemu, ya tambaye shi ko mota ya saya wa amarya. Falalu ya ce jirgi ne, kuma ba a ɗaukar masu warin hayaƙi. Daga ranar, duk ruwan da aka yi sai ya shiga ɗakin, Falalu ya kwashe da kwano bai taɓa tsaki ba.

Safina ta kai wa Bilki labari cewa kujera ta iso. Tsohuwa ta sa aka share ɗaki, aka sake mata zanen gado, ta sa aka nemo mata mataji da tsinken kitso da man gyaɗa. Ta ce ta san kan yarinyar nan ya cukurkuɗe, ba mai iya masa sai ita. Yarinyar da take nufi shekararta sittin da biyar.

A kwana na goma sha takwas Zakiyya ta iso. Ta yi wa uwarta wanka, ta ɗaura mata atamfar salla, ta sa mata kwalli da ɗankunne, aka jingina ta da matashi tana fuskantar tsakar gida. Sannan aka jawo kwalin, Zakiyya ta yanke salatif da reza. Kujerar ta fito cikin leda, baƙa mai walƙiya, tana ƙamshin sabon abu. Da aka ware ta aka dire a ƙasa, sai ta karkata hagu. Ƙarfen da ke riƙe da tayar ya lanƙwashe ya tsage, daidai inda kwalin ya lotse. Zakiyya ta tura ta kaɗan, tayar ta ja ƙasa ta tsaya.

Malam Falalu yana tsugune yana shafa tsagewar da ɗan yatsa, kamar in ya daɗe yana shafawa za ta haɗe. Daga cikin ɗaki Sa'adiya ta kira.

"Auta, zo ki cire min ɗankunnen nan, ya yi min nauyi."

Zakiyya ta kira kamfanin a ranar. Wata mata ce ta ɗauka, mai ladabi a baki, ta yi ta ba da haƙuri da Turanci. Ta nemi hoton buɗewa a gaban mai kawowa, babu. Ta ce kwana bakwai sun wuce, kuma ga sa hannu cewa kaya sun iso lafiya, ba abin da za su iya. Falalu ya ce a ba shi wayar ya yi magana da mai kayan, dattijo da dattijo. Zakiyya ta ce masa babu wani mai kaya da za a haɗa shi da shi, ita ma matar aiki take yi. Ya ce to wa mutum zai kalla ya yi wa magana? Ta ce akwai ofishi a Dutse da ke bin haƙƙin masu saye, za ta je ta tambaya. Kafin ta koma ta roƙe shi abu biyu: kada a taɓa kujerar, kuma a adana kwalin.

Ya yi kwana biyu yana bin maganarta. A na uku ya shiga ɗaki ya ga atamfar salla a ninke a gefen matashi, ba a mayar da ita akwati ba. Ya fito ya saɓi kujera sai rumfar Jaji. A wurinmu abu in ya karye gyara shi ake yi, garma ce ko keke ko ƙyauren ƙarfe, ba mu saba da a mayar wa wanda ba a taɓa gani ba. Jaji ya jujjuya ta ya ce wannan ba baƙin ƙarfe ba ne, farin nan ne mara nauyi, wutarsa ba ta kama shi. Falalu ya ce shekara talatin yana cika baki a garin nan, yau ga ranar nuna aiki. Jaji ya ɗora wuta. Ƙarfen ya narke ya huje, zafi ya ci gefen tayar. Ya yi dabara ya ɗaure da wani guntun ƙarfe, ta tsaya kamar ta gyaru. Allah ya taimaka Falalu ya fara gwadawa da buhun gero. Taku uku ta yi ta durƙushe, buhu ya faɗi. Da ya dawo gida ya tarar awaki sun shiga rumfar da ya jingine kwalin, sun cinye kusurwar da ta lotse tas, har da takardar da ke manne a jiki.

Da Zakiyya ta ji, ba ta ɗaga wa ubanta murya ba, ba a yi mata wannan tarbiyya ba. Ta ce kawai ya shirya ranar Litinin.

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau babur zuwa Miga, mota zuwa Jahun, wata motar zuwa Dutse. A ofishin suka sami wata mata mai tabarau, Malama Nuriyya, ta ba shi kujera ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, har zancen fura da na awaki. Sannan ta yi masa bayani da Hausa. Ta ce kwana bakwai ɗin nan ƙa'idar kamfani ce, ba ita ce ke share haƙƙin mai saye ba. Kayan da suka iso a lalace nauyinsu yana kan wanda ya sayar, ya gyara, ko ya canza, ko ya karɓi abinsa. Da an zo mata da kujerar yadda ta fito daga kwali, da maganar ta yi sauƙi. Amma yanzu an sa mata wuta, za su ce a hannunsa ta lalace, kuma ga sunansa a takarda. Dole a sami abin da zai nuna cewa a karye ta zo.

"Ni na gan ta da idona," in ji Falalu. "In rantsuwa ake so, a kawo Alƙur'ani."

"Baba, ni na yarda da kai. Su ne ba su san ka ba."

Wannan magana ta fi karyewar kujerar yi masa zafi. Mutumin da in ya ba da shaida a kan iyakar gona a Unguwar Mailafiya magana ta ƙare, yau ga shi bakinsa bai kai hoton waya daraja ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Malama Nuriyya ta tambaya ko mai kawowar ya lura da kwalin. Falalu ya ce ai ya nuna masa lotsewar ya ce a buɗe, shi ne ya hana.

Neman Sagiru ya ci musu yini. Sun same shi bayan la'asar a wata rumfa kusa da tasha, inda masu kai kaya suke jiran aiki. Falalu bai iya roƙo ba, ya daɗe yana gaisuwa yana tambayar mutanen gida kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Sagiru ya ciro wayarsa ya yi ta latsawa, sannan ya miƙo. Ashe su masu kai kaya, duk kwalin da aka ba su da rauni sukan ɗauki hotonsa tun a ma'ajiya, don kada a ɗora musu laifi. Ga kwalin nan a ƙasan siminti, ga kusurwar a lotse, ga kwanan wata a jiki. Wani abokin aikinsa ya ja shi gefe ya ce ya yi hankali, masu ba su kaya ba sa son mai kai su ƙara. Sagiru ya dawo ya tsuguna gaban tsohon.

"Baba, na sha furarka, kuma ka ƙi tuhumata a ranar da kake da damar yi. Gobe da safe zan je in faɗi abin da na gani."

Ya je ɗin, ya faɗa, aka rubuta, aka tura wa kamfanin da hoton. Malama Nuriyya ta ce sai haƙuri, irin wannan ba ya ƙarewa a kwana ɗaya.

Gero ya yi tsawo ya rufe mutum, ya fitar da kai. Kamfani ya amsa cewa yana bincike, ya sake amsawa cewa walda ta ɓata magana, aka sake rubuta musu. Langa tana zuwa tana komawa. Duk zuwa Bilki takan aiko da tambaya ɗaya, yaushe, Sa'adiya kuma takan ce a gaya wa Yaya mako mai zuwa. Wata safiya Falalu ya sake kawo zancen goyo, ya ce shi ya jawo wannan jira, ta bar shi ya biya da bayansa. Ta ce ta jira shekara, saura kaɗan ne, ya bar ta ta je wa Yaya a zaune. Ba ta taɓa ce masa ga laifinka ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa, wataƙila da ya fi samun sauƙi.

Ranar wata Laraba Zakiyya ta kira da murna a muryarta. Kamfani ya yarda zai aiko da sabuwa, sai dai a kawo tsohuwar ofis, Baba ya sa hannu. Alhamis tun da sassafe ya ba Sa'adiya koko, ya ajiye mata ruwa kusa da hannun dama, ya ɗaure karyayyar kujera a bayan babur ya tafi.

Yana zaune gaban Malama Nuriyya, tana karanta masa takardar kalma-kalma tana fassarawa, don ya ce daga yanzu ba ya sa hannu a abin da bai ji ba, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Jaji ne. Ya ce Allah ya yi wa Yaya Bilki rasuwa. Ba wata jinya ta yi ba, ta sha kununta na safe, ta ce a gyara mata matashi, Safina ta fita ɗauko tsintsiya ta dawo ta tarar rai ya yi halinsa. Falalu ya yi salati a hankali ya mayar da wayar aljihu. Zakiyya tana kallonsa, Malama Nuriyya tana riƙe da biro. Ya karɓa ya rubuta sunansa, sannan ya gaya musu.

Motar Jahun ta daɗe ba ta cika ba. Kafin su isa gida an yi la'asar, an kai ta an dawo.

Ya tarar da Sa'adiya a ƙasa, a bakin ƙofar da ya faɗaɗa, daidai inda ya tone dokin ƙofa. Zanenta duk ƙasa, gwiwar hannunta ta dama ta goge. Ba wanda ya zo ya gaya mata, kukan da ya taso daga can ƙasan lungu ne ya gaya mata. Kowa ya tafi gidan rasuwa, kowa yana zaton wani ya je wurinta. Ta sauko daga gado ta ja jiki da hannu ɗaya har ƙofa, a nan ƙarfinta ya ƙare. Hanyar maƙabarta kuwa ta ƙofar gidansu ta bi, ta ji tafiyar maza ta wuce ta bayan katanga.

"Na yi kira, Malam," in ji ta. "Na ce a ɗauke ni ko a baro ne. Ba kowa a gidan."

Ya tsuguna ya ɗauke ta ya mayar da ita gado. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tun farko da ya san haka take, ya faɗa a ransa, amma bai ƙarasa tunanin ba.

Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai, da hantsi, babur ya tsaya a ƙofar gida. Sagiru ne da sabon kwali. Malam Falalu bai shimfiɗa tabarma ba tukuna. Ya ce masa ya tsaya a nan, ya kira Zakiyya, wadda ba ta koma Dutse ba, ta zo da wayarta ta saita. Ya zare wuƙarsa ya yanke salatif a gaban baƙon. Ya ware kujerar, ya bi kowane ƙarfe da yatsa, ya juya kowace taya, ya zauna a kai da kansa ya girgiza. Lafiya ƙalau take. Zakiyya ta karanta masa takarda, ya sa hannu. Sagiru, wanda bai san abin da ya faru ba, ya ce madalla, yanzu Inna sai ziyara. Sai a lokacin Falalu ya ɗauko tabarma da fura.

Kujerar ta shige ƙofar ɗakin ba ta taɓa ko gefe ba. Sa'adiya ta kalle ta ta kawar da kai, ta ce ina za ta. Falalu ya naɗe ta ya jingine a bango ya fita. Bayan an sauko daga masallaci ya ji tana kiran sa. Idonta yana kan langar, wadda take saman akwati tun Juma'ar da ta gabaci rasuwar.

"Yau Juma'a. Langar Yaya tana wurinmu."

Ya tono sabuwar gyaɗa a bayan gida, ya wanke ya dafa da gishiri ya cika langar. Zakiyya ta ɗaura wa uwarta atamfar nan, ta yafa mata mayafi. Ɗankunne ta ce a bar shi. Suka zaunar da ita, ta rungume langar da hannunta mai rai. Zakiyya ta kama kujerar za ta tura, uban ya ce ta matsa.

A garinmu ba a saba ganin dattijo yana tura matarsa a bainar jama'a ba. Mutanen da ke zaune a dakali suka bi su da kallo, wasu suka miƙe. Jaji yana ƙofar rumfarsa, bai yi tsokana ba, ya zo ya ɗaga gaban kujerar suka tsallake kwata, ya koma. Tayoyin suna tafiya sumul a cikin jiƙaƙƙen yashi. Tafiyar duka ba ta kai daɗewar alwala ba.

A ƙofar ɗakin Bilki, Sa'adiya ta gyara mayafinta ta yi sallama da bakinta. Safina ce ta amsa daga baya, da ƙyar. An naɗe katifa, gadon sai ƙarfe. Sa'adiya ta miƙa langa aka ajiye a inda aka saba ajiye ta. Safina ta ɗauko wani ƙullin tsumma ta ce a ƙarƙashin matashin marigayiya aka same shi, da ma ta hana kowa taɓawa tun farkon damina. Mataji ne da tsinken kitso da 'yar kwalbar man gyaɗa, ba a taɓa buɗe ta ba. Sa'adiya ta ɗora su a cinyarta, ta zame ɗankwalinta, gashin ya bayyana, fari, a cukurkuɗe.

"Malam, je ka soro. Zan ɗan zauna wurin Yaya."

Ya fita ya zauna a soro shi kaɗai har aka kira la'asar.

Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo wa Malam Falalu saƙo, ko ƙullin daddawa ne, sai ya ce masa ya tsaya, ya kwance a gabansa ya duba, sannan ya ba shi wurin zama. Baƙi suna cewa tsufa ya ɓata wa dattijon nan hali. Mu da muka sani ba ma tanka musu.